Bin Sawun Tsofaffin 'Yan Kwamitinmu a Garwa

Ƙungiyarmu ta raya unguwa tana cikin waɗanda aka kafa a Garwa bayan fitowar dokar 19 ga Disamba 1990, wadda ta ba 'yan Kamaru damar kafa ƙungiya ta hanyar kai sanarwa ofishin perefe, wato wakilin gwamnati mai kula da gunduma. Unguwarmu a gangare take, a hanyar da ruwan damina ke bi kafin ya faɗa kogin Binuwai, shi ya sa tun farko aikinmu bai wuce magudanar ruwa da famfo da shara da rikicin fili ba. Da babban taro ya amince mu nemi zama ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta da gwamnati ta amince da ita, a ƙarƙashin dokar 22 ga Disamba 1999, wadda ke son ƙungiya ta nuna aikin da ta yi na aƙalla shekara 3, sai shugabanmu ya ce kafin mu je mu gabatar da kanmu ga hukuma, ya kamata mu fara sanin hannuwan da ƙungiyar ta bi. Ni ce mataimakiyar sakatare, kuma malamar makaranta, don haka aka ɗora mini tattaro sunan duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gudanarwa, da muƙamin da ya riƙe, da sana'ar da yake ci da ita a lokacin.

Daga takardu na fara. Dokar 1990 da kanta ta ce sanarwar kafa ƙungiya dole ta ƙunshi suna da sana'a da mazaunin masu tafiyar da ita, kuma duk canjin da aka yi a sanar da perefe cikin wata 2. Ke nan kowane kwamiti ya kamata ya bar sawu a wuri biyu, a hannunmu da kuma a ofishin hukuma. Namu takardun suna cikin wata adaka a ɗakin wani tsohon sakatare. Ambaliyar 2012, shekarar da Binuwai ya cika ya batse aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo, ta shiga ɗakin har gwiwa. Na ƙasan adakar sun manne da juna, na sama gara ta yi musu ɓarna. Abin da ya tsira da kyau shi ne takardar shaidar rajista ta farko, don wanda ya kafa ƙungiyar ya sa ta a gilashi ya rataye a zaurensa, sai littattafan ma'aji da wasu rahotannin taro. Na rubuta takardar roƙo na manna mata kan sarki na kai ofishin perefe, aka ba ni kujera na kwafe abin da ke cikin fayil ɗinmu da hannu. A nan na gane akwai kwamitocin da aka zaɓa suka yi wa'adinsu suka sauka ba tare da sun kai sanarwa ba, musamman daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000.

Ko a inda takardun suka cika ma, shafin sana'a bai ƙare ni da komai ba. Kusan kowa yana cikin ɗayan huɗu: ma'aikacin gwamnati, ɗan kasuwa, mai ritaya, matar gida. Mutumin da ke sauke tirelar siminti daga masana'antar Figil an rubuta shi ɗan kasuwa, mai teburin goro a bakin masallaci shi ma haka. Idan na miƙa wa taro irin wannan jeri, na cika umarni amma babu wanda zai ƙaru. Sai na nemi izinin kwamiti in bi mutanen gida gida.

Kasancewata mace ta taimake ni matuƙa. Da yawa daga cikin mutanen farko sun rasu, Allah ya jiƙansu, kuma tarihin aikinsu yana hannun matansu a cikin gida, inda namiji baƙo ba zai wuce zaure ba. Akwai wadda ta zazzage mini ƙasan kwalla ta fito da katin aikin mijinta da takardar fanshonsa. Tambayoyina kaɗan ne: wane aiki mutum ya yi kafin ya shiga kwamiti, wanne yake yi yana ciki, ina ya koya, me ƙungiya ta amfana da shi daga saninsa, me ya sa ya bari. Kafin in tashi nakan karanta wa mutum ko iyalinsa abin da na rubuta, in tambaya ko sun yarda a karanta shi a gaban jama'a. Wasu sun ce a cire dalilin barinsu, na cire.

Kwamitin farko na ma'aikata ne. Akwai shugaban makarantar firamare, da ma'aikacin jinya, da akawu biyu da suka yi aiki a SODECOTON, kamfanin auduga da aka kafa a 1974 mai hedkwata a nan Garwa, da wani da ya yi rayuwarsa yana haɗa bututu a SNEC, kamfanin ruwa na wancan zamani. Sun karɓi ƙungiyar a mummunan lokaci. A 1993 an zabtare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar Sefa da rabi. Aljihunsu babu komai, amma sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da irin Faransancin da ake rubuta wa mai ofis. Famfon jama'a na farko da aka ja mana ya samu ne don tsohon ma'aikacin ruwan ya san inda babban bututu ya bi, ya zana taswirar da hannunsa ya haɗa da takardar roƙon, ta yadda ba wanda zai ce masa nisan ya yi yawa.

Cikin mutanen wannan kwamiti akwai dattijon da na fi daɗewa a gabansa. Yana raye, idanunsa sun yi rauni amma ƙwaƙwalwarsa garau. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, a takarda an rubuta ka ɗan kasuwa."

Ya ce, "Haka ne 'yata, lokacin da aka rubuta ina da teburin ƙusa da kwaɗo a babbar kasuwa. Amma ƙuruciyata a daji na ƙarar da ita, ina riƙe wa safiyo sanda, ina jan igiyar awo, ina dasa turakun siminti. Ban yi boko mai zurfi ba, amma idan na tsaya a fili na san inda ruwa zai kwanta."

Shi ya warware mini abin da na daɗe ina ji sama-sama. Yawancin gidajen unguwarmu ba su da takardar mallakar fili ta gwamnati, sai takardar ciniki da jauro, wato mai unguwa, ya sa wa hannu. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta sa duk filin da ba shi da takardar mallaka, kuma ba na gwamnati ba, ya zama filin ƙasa da hukuma ke kula da shi. Wanda ya zauna a wuri ko ya raya shi tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana iya neman a yi masa rajista kai tsaye, sai kwamitin da superefe (jami'in da ke ƙarƙashin perefe) ke jagoranta, wanda basaraken wurin da dattawansa biyu ke ciki, ya zo ya gani da ido. Baba shi ne ke bi da maƙwabta wannan hanya. Yakan gaya wa mutum takardun da zai haɗa, ya tsaya ranar da kwamitin ya zo, ya nuna iyaka ba tare da an yi cacar baki ba. Babban aikinsa kuma shi ne wani kwari da ke bayan unguwa, hanyar ruwa tun kaka da kakanni. Duk lokacin da aka so a yanka shi a sayar, sai ya tashi a taro ya ce ruwa ba ya barin hanyarsa, in aka toshe nan zai shiga ɗakunan mutane. Yana cikin kwamiti ba a taɓa wurin ba. Bayan saukarsa da 'yan shekaru aka yanka shi fuloti-fuloti.

Na ce, "Baba, ai dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta hana gini a wurin da ambaliya ke ci."

Ya ce, "Ta hana. Amma wanda ya rubuta ta yana Yawunde. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In babu mai nuna wurin da yatsa a cikin taro, wa zai san nan ne?"

Gidajen da aka gina a wannan kwari su ne ruwa ya fara ci a 2012, su ne kuma suka mayar da shi kan layukan da da ba ya shiga. Tun daga wannan hira na daina kallon aikin a matsayin cike shafi. Duk mutumin da na je wurinsa bayan nan, ina son in gano abin da ƙungiya ta iya yi saboda yana nan, da abin da ta daina iyawa da ya tafi.

Shekarun da ba a kai sanarwa ba, su ne shekarun 'yan kasuwa da masu motoci. Daga bakin mutane na haɗa sunayensu, ina gwada abin da wannan ya faɗa da na wancan, ina duba sa hannun da ke littafin ma'aji. Ba na son a raina su, domin a hannunsu unguwa ta fi ganin aiki da ido. Alhaji guda zai ba da tifa biyar ta marmara ba tare da an roƙe shi sau biyu ba, wani ya ba da siminti, cikin mako guda an cike ramin da ya shekara yana karya ƙafar babur. Kwalbatin da muke bi zuwa kasuwa har yau nasu ne. Sai dai babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya san awon gangare. Lambatun da suka gina a babban layi ya yi kyau a ido, amma ƙarshensa ya fi tsakiyarsa tudu, ruwa yana kwanciya a ciki har rani, sauro na haihuwa. Rubutu kuma bai dame su ba. Komai da amana ake yi, a zauren shugaba bayan sallar isha'i, kuma amanar ta riƙu, ban samu wanda ya ce an ci kuɗinsa ba. Amma ONG ba ta samuwa da shaidar baki, kuma waɗannan shekarun su ne suka fi wahalar da mu wajen haɗa rahoton ayyuka.

A duk wannan zamani mace ɗaya ce a kwamiti, an sa ta mai ba da shawara, an rubuta matar gida. Da na shiga wurinta na ce, "Goggo, na zo jin aikin da kika yi wa ƙungiya," sai ta aiki jikarta ta ɗauko wani littafi mai bangon fata. Ungozoma ce da ta karɓi haihuwar rabin matasan unguwar, kuma uwar adashi ce ta shekaru masu yawa. Littafin na gudummawar wata-wata ne, gida bayan gida, da ajami. Ma'ajin da ke takarda jimilla kawai yake karɓa daga hannunta. Ita ta san gidan da mai gida ya tafi Duwala neman kuɗi, da wanda za a ɗaga wa ƙafa sai an sayar da gyaɗa. Lokacin kwalarar 2010 da ta addabi arewacin Kamaru, ita ta zagaya da ma'aikatan lafiya tana nuna musu gidajen da masai ya kusanci rijiya, domin babu tsakar gidan da ba ta shiga ba. Na tambaye ta ko an taɓa ce mata ta tsaya takarar ma'aji. Ta ce, "'Yar nan, a lokacin ba a kawo wa mace wannan magana." A jerin da na rubuta na sa mata ungozoma, uwar adashi, mai tara gudummawar ƙungiya, kuma na roƙi a ba mu aron littafin mu kwafe, domin shi kaɗai ne cikakken lissafin da muke da shi na wancan lokaci.

Bayan 2012 matasa masu digiri suka shigo, yawancinsu daga jami'ar Ngaundere, wasu suna aiki da ƙungiyoyin agaji. Garin ma ya riga ya canja tsari: an raba shi ƙananan hukumomi uku a 2007, aka kafa babbar hukumar birni a kansu a 2008, sannan aka sa Garwa tare da Bafusam da Bertuwa cikin shirin gyaran manyan biranen jihohi da Faransa ke ba da kuɗinsa ta hannun hukumarta ta raya ƙasashe. Irin wannan zamani yana son wanda ya iya rubuta shiri da kasafi, kuma sun iya. A hannunsu aka fara gayyatar ƙungiyarmu tarukan hukuma, aka buɗe mata asusu a banki, aka fara rubuta rahoton kowane zama. Matsalarsu rashin zama. Da rikicin Boko Haram ya jawo ƙungiyoyin agaji zuwa jihar Arewa Mai Nisa, aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, aiki ya yi ta kwashe su zuwa Marwa da Mokolo da Kusseri. Kaɗan ne suka ƙarasa wa'adinsu. Takardun zamaninsu kuma suna cikin kwamfutocinsu, sai da na bi su ta WhatsApp ɗaya bayan ɗaya suka turo abin da ya rage.

Inda aikin ya yi mini nauyi shi ne batun kwangila. Na tarar da 'yan kwamiti da suka sayar wa ƙungiya kaya suna kan muƙami, da wani da yake kansila a lokacin da yake shugabanmu. Da na kawo wa kwamiti na yanzu, aka rabu biyu. Wasu suka ce a bar shi, tone-tone ne, mutanen nan iyayenmu ne kuma wasunsu sun rasu. Ni na ce a rubuta, amma a rubuta gaskiya cikakkiya, domin littafin ma'aji ya nuna akwai wanda ya sayar mana da siminti ƙasa da farashin kasuwa, har ya yafe ragowar bashi. Ɓoye cinikin zai ɓoye alherin tare da shi. Shugaba ya ce a je a tambayi wanda abin ya fi shafa. Na same shi a shagonsa na ce, "Alhaji, za mu rubuta cewa ka yi ciniki da ƙungiya kana ma'aji. Ka yarda?" Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Malama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubuta, ki sa farashin da na ba ku a gefe." Da wannan aka ƙara shafi guda a jerin: ko mutum ya yi hulɗar kuɗi da ƙungiya yana kan muƙami, da yadda aka yi.

Da na jera komai a babbar takarda, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda babu su. Fiye da shekara 30 muna maganar gini da ruwa da shara, amma birkila ko ɗaya bai taɓa zama a kwamiti ba, alhali duk kwalbati da lambatu hannunsu ne ya yi. Wani tsohon birkila ya gaya mini tun ranar da ake haƙa lambatun babban layi ya ga ba zai zubar da ruwa ba, amma shi ɗan kwadago ne, an kira shi ya jera bulo, ba a tambaye shi ra'ayi ba. Babu ɗan ga-ruwa, su da suka san famfon da ke kawowa da asuba da wanda ya yi wata bai ɗiga ba. Babu yaran da ke kwashe shara a kura zuwa bakin titi. Babu mai haya ko ɗaya, ga shi kuwa su ne suka cika gidajen kwari, su ruwa ke fara kora. Dokokinmu ba su hana su ba. Al'ada ce kawai ta sa ranar zaɓe ido ke tafiya kan mai gida, mai kuɗi ko mai takarda.

Ranar babban taro na karanta jerin da Hausa, wani ya maimaita da Fulatanci. Na fara da mamata, aka yi musu addu'a. An zo da Baba safiyo a kan babur, aka zaunar da shi a gaba kusa da jauro. Da aka zo muhawara na ba da shawara uku. A cikin kujerun kwamiti a ware ɗaya ga mai sana'ar gini ko awon ƙasa, ɗaya ga masu haya, kuma ma'aji ko mai binciken kuɗi ɗayansu ya kasance mace. Duk mai neman muƙami ya faɗi da bakinsa aikin da ya yi a rayuwa, sakatare ya rubuta shi dalla-dalla. Wanda zai sayar wa ƙungiya kaya kuma ya fita daga zaman da za a yanke shawarar sayen.

Ta biyu da ta uku sun wuce ba gardama. Kujerar masu haya ce ta ɗauki lokaci. Wani dattijo ya ce mai haya yau yana nan gobe ya tashi, yaya za a ba shi amanar unguwa. Wata mata daga bayan rumfa ta amsa cewa a ɗakin haya ɗaya ta haifi 'ya'yanta duka har ta aurar da ta fari, masu digirin da aka ba muƙami kuwa ba su kai damina uku ba. Aka daidaita a kan sharaɗin sai mutum ya shekara 5 a unguwa. Batun mace ma'aji wasu sun so a ɗage, Goggo ta ce a ɗage zuwa yaushe, aka kaɗa ƙuri'a ya wuce.

Mun rubuta gyaran a cikin dokokin ƙungiya, muka haɗa da rahoton taron da sunayen sabon kwamiti, muka kai ofishin perefe kafin wata 2 su cika. A shafin sana'a na wannan karo akwai birkila, da tela mai zaman haya, da malamar asibiti a kujerar ma'aji. Jerin tsofaffin kuwa an buga shi kwafi uku, ɗaya a wurin sakatare, ɗaya a gidan jauro, ɗaya a makarantarmu da ke kan tudu. Takardun neman zama ONG suna kan haɗuwa. Aikin farko da sabon kwamiti ya sa a gaba shi ne birkilan ya auna gangaren lambatun babban layi da tiyo da ruwa, ya kawo lissafin abin da gyaran ƙarshensa zai ci kafin watan Mayu.